Babana yana tsoron kogi

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Mawaƙin da kuka sa mana ranar Talata, mai cewa uban kirki bai san tsoro ba, ya taɓa shiga kwalekwale kuwa?

Ni ɗan Gaya ne, da kaina na koyi karatu. Na rubuta baitocinsa na karanta wa babana, mai tsallakar da mutane kogi. Na ce waƙar ta kunyata ni, don ni ruwa tsoro yake ba ni.

Baba ya ce, "Kai Sani, ni ma kullum da tsoro nake tuƙi. Shi ya sa ban taɓa kifar da kowa ba."

To, wannan ne ragon uba? Ku kira mawaƙin ya amsa mini a rediyo, duk Gaya na ji.