Takalmin Gwanjo da Dattijuwar Tashar Kuje

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Yakubu, ina sauraronku daga Gwagwalada.

Kullum ina shiga cikin gari aiki, kuma duk takalmin da na saya ba ya wata huɗu sai ƙasansa ya ɓare. Shekara biyu da suka wuce na samu wani baƙin sau ciki na fata a wurin mai gwanjo a kasuwarmu. Da shi nake zuwa ofis, da shi nake zuwa biki, ko damina ba ta yi masa komai ba.

Ranar Asabar da hantsi ina tashar Kuje, sai wata dattijuwa ta tsaya tana kallon ƙafata. Ta ce, "Bawan Allah, cire na hagun. A ciki akwai ɗinkin jan zare."

Na cire. Ɗinkin yana nan, ni kuwa ban taɓa lura da shi ba.

Ta ce, "Ni na ɗinke shi da hannuna. Da takalmin nan ɗana ya fita neman aiki, shekara uku ke nan. Ba shi, ba labarinsa."

Na miƙa mata, ta ƙi karɓa. Ta ce, "Ci gaba da sawa. Wataƙila ya kai ka inda yake."

Na koma kasuwa, aka ce mai gwanjon ya tashi tuntuni, babu wanda ya san garinsu.

Jama'a, ku ba ni shawara. In kai wa 'yan sanda ne? Takalmin yana bakin ƙofata yanzu haka. Na kasa sawa, na kuma kasa yarwa.