Ranar da Maigidana Ya Ajiye Aikin Ba da Haƙuri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wato mai gidan hayarmu, wanda muka ɗora a kan kujera mafi laushi saboda dalilin da shi da mu muka sani, shugaban 'yan kasuwar wannan layi, surukata Inna, wadda ta fara hararata tun ban buɗe baki ba, likitan maigidana, 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda rabonmu da su tun ranar da muka sayar da mota, jama'a maza da mata, barkanku da zuwa buɗe wannan ɗan shago.

Muna godiya ga Allah, muna godiya gare ku. A ƙa'ida maigida ne ya kamata ya tsaya a nan, amma ya ce ya yi maganar da za ta ishe shi har ƙarshen rayuwa, don haka ni zan yi, kuma ba zan rage komai ba.

Na farko, aikin da ya bari. Da yawanku kun san shi da babban ma'aikaci a kamfanin wuta, kuna tare shi a hanya kuna roƙon ya sa baki a gyara muku layi. To, yau ku ji gaskiya: bawan Allahn nan bai taɓa hawa falwaya ba. Aikinsa shi ne ya zauna cikin wani akurkin katako, abin sauraro maƙale a kunne, yana amsa kiran masu ƙorafi. Wanda namansa ya ruɓe a firji, shi zai zaga. Mai walda da aikinsa ya tsaya, shi zai zaga. Mai jegon da zafi ya hana jaririnta barci, shi za ta zaga, ta haɗa da iyaye da kakanni. Dokar manaja kuwa ita ce ba a katse kira, ba a ɗaga murya, kuma ko bayi za ka shiga sai ka nemi izini.

Na biyu, abin da aikin ya mayar da shi. Mutumin da na aura mai surutu ne, mai ci, mai tsokana. Sai ga shi ya dawo daga aiki ya zauna cikin mota a ƙofar gida, ya rasa ƙarfin shigowa. Abinci sai ya juya cokali ya ture. Waya ta yi ƙara, sai ya tashi ya bar wurin. Wata rana na ce masa, "Baban yara, jikin auta da zafi." Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce, "Muna ba ki haƙuri, injiniyoyinmu suna kan aiki." Na fashe da dariya. Shi bai yi ba. Sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Inna ta ce sammu ne, ta turara mana gida har maƙwabta suka fito da bokitan ruwa. Likita kuwa ya ce, "Ciwon damuwa ne, kuma aikin nan ne ke cinye shi." Ya ba shi magani, ya ce ya nemi canjin tebur a wurin aiki. Da ya je ya nema, manaja ya ce, "Damuwa? Wa ya gaya maka ni ba ni da ita? Koma kujerarka." Maigida ya cire abin kunnen nan, ya ajiye a gabansa, ya ce, "Muna ba ku haƙuri, ranka ya daɗe," ya fito. Wannan ne haƙuri na ƙarshe da ya bayar da sunan kamfani.

Na uku, kuma a nan nake so ku buɗe kunne, abin da fitar ta ci mana. Kada wani ya yaudare ku da daɗin baki: kwanciyar hankali ba ta biyan haya, shugaban taro shaida ne. Mota ce ta fara tafiya, talabijin ta bi ta. Muka cire yara daga makarantar kuɗi, muka bar babban gida muka dawo ɗaki biyu, maganin da kamfani ke biya ya dawo wuyanmu. Keken ɗinkina ya zama manajan gida. Dangin da ba su taɓa ɓata hanyar gidanmu a ƙarshen wata ba, duk suka manta kwatance. Mun yi faɗa, mun yi gaba, na taɓa ce masa, "Da zagin nan da yunwar nan, wanne ya fi?" Ya ce, "Yunwa tana barina in yi barci."

Ana cikin haka Inna ta zo, ta kwance bakin zaninta, ta ajiye 'yan kunnenta na zinariya a kan tabarma. Ta ce, "Ni dai har gobe sammu nake gani. Amma ko wanda aka yi wa sammu yana bukatar jari." Inna, Allah ya saka, kuma ki daina hararata, yabonki nake yi.

Da wannan jari aka cika shagon da ke bayana: fitilu masu caji, fankoki masu batir, da farantan sola. Wato dai mutumin da a da ake zagi in an ɗauke wuta, yanzu in an ɗauke sai ya gyara zama ya jira ciniki. Kuma ku sani, yana gane murya. Mai walda da ke ɓuya a bayan rumfa, ya gane taka tun sallamar farko. Ya yafe, amma babu ragi.

Ba mu yi arziki ba. Abin da ke shigowa bai kama ƙafar albashin da ba, kuma har yanzu yana ganin likita. Amma yana ci, yana tsokanar yara, ya koma yin musu da ni a kan abin da bai sani ba, wanda ko likita ya yarda alamar sauƙi ce. Don haka duk wanda ke zaune a nan aiki yana cin zuciyarsa, ya faɗa wa iyalinsa, ya ga likita, ya yi tanadi kafin ya fita. Kada ya yi irin tamu, mu da muka fito da tufafin jikinmu. Amma in ta kai ga zaɓi tsakanin albashi da mutum, ni na gwada duka biyun, kuma mutum na ɗauka.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sanyaya zuciyar masu gidajen haya, ya shiryi manajoji in suna da rabon shiriya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya kawo mana wuta mai ɗorewa, amma don girmansa, sai mun sayar da kayan da ke cikin shagon nan tukuna.

Na ji amin ɗinku ta yi rauni. Ba komai, Inna ta amsa da ƙarfi.

Na gode.