Juya a Cikin Ruwa

Ranar da aka binne matata Turai na daina sa baki a hirar mutane. Jiya ma a tashar Karaye, muna jiran motar Rogo ta cika, saurare kawai na yi. Wata dattijuwa ce ta leƙa jarkar wani mai kiwon kifi.

"Ɗan nan, waɗannan 'yan mitsi-mitsin za ka kai har Zoza?"

"Iya, ki ba su lokaci. Karfasa ce, maza zalla. Namiji ya fi saurin girma, mace kuwa abin da ta ci a ƙwai yake ƙarewa."

"Ko a ruwa ma mu ne da asara."

"Akwai dabara, Iya. In aka tsoma ƙwan a ruwan sanyi, sai ɗan ya ɗauki gadon halitta kashi uku maimakon biyu. Irin wannan macen ba ta haihuwa, sai ƙiba. Rububinta ake yi."

"Juya ke nan?"

"Juya, amma ita ce 'yar gaban goshi."

"Da ma a ruwan dam aka haife ni! Gida uku na zauna, ba wanda ya yi rububina."

"Ki gafarce ni, Iya, ban sani ba."

"Ina za ka sani? Ja jarkarka inuwa, kada rana ta dafa maka mazan."

Turai ma ba ta haihu ba. Kullum ba ni haƙuri take yi, ni kuma da tarin karatuna sai in ce Allah zai kawo. Ta tafi kafin in ce mata, "Turai, ke kaɗai ma kin ishe ni."