Abin da Muka Ciro daga Kafaɗar Bijimin da Ya Kashe Wynand

Kafin in gaida kowa, ku riƙe min wannan kacici-kacici. Wane abu ne siriri, dogo, mai jar hula, in an nuna masa takarda babu gwani kamarsa, in an nuna masa ƙashi sai ya fashe kamar ƙwai, ya kashe min ƙane alhali ko rigarsa bai taɓa ba? Kada kowa ya amsa. Ku ajiye shi kusa da kofin gahawarku, sai na gama.

To, gaisuwa. Fasto Swanepoel, na san minti biyar ka ba ni, na kuma san ba ka da zuciyar janye tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya daga gaban jama'a, don haka na gode tun yanzu. Dattawan cocinmu na Vaalwater, ina gaishe ku. Shugaban ƙungiyar maharban gundumar nan, Bertus Jooste, da ka gama mana jawabi mai daɗi yanzun nan, ina gaishe ka, gyara zama. Elsabe, matar marigayi, ƙanwata ta shekara arba'in da bakwai, sannu da haƙuri. Tiaan da Ronel, 'ya'yansa, sannunku. Lesiba Mothapo, da ka yi shekara talatin da ɗaya kana bin sawun dabba tare da shi, me kake yi a bakin ƙofa? Shigo, ga kujera nan kusa da ni. Maƙwabta, da ku da kuka zo don Wynand da ku da kuka zo don gasasshen nama, duk ina gaishe ku.

Ni ce Alida, yayar Wynand Roets. Aji shida na yi a makaranta aka cire ni in yi renonsa, saboda haka kada ku jira manyan kalmomi.

Yau kwana tara da bijimin ɓauna ya kashe ƙanena a gonarsa. A cikin kwana taran nan na ji abin da ya fi mutuwar tayar min da zuciya. Ana cewa harsashin da ya ɗura da hannunsa ne ya ci amanarsa. Wai ya tsufa, ido ya yi rauni, hannu na rawa, ya auna albarushi ba daidai ba. An faɗa a gidan mai, an faɗa a bayan coci, ɗazu ma an faɗa a nan cikin ladabi, wai shekaru ba sa barin kowa, wataƙila lokaci ya yi da za mu koma harsashin kanti. Kafin a yi kwana uku da binne shi, akwati goma sha ɗaya na harsashin da ya ɗura wa mutane aka dawo da su barandar Elsabe. Wani ma ya zo da kwanon abinci a hannun dama, akwatin a hannun hagu. Ya ba ta abincin, ya ajiye akwatin a bayan tukunyar fure, kamar mai yar da mataccen ɓera. Ina zaune ina kallonsa ta taga. Ba zan faɗi sunansa ba, amma matarsa ta cika gishiri.

Wannan magana ce ta tsayar da ni a gabanku. Mutum ya yi shekara hamsin a kan sana'a ɗaya, ba zan bari a binne shi da ƙaryar cewa ita ta kashe shi ba.

Ya kasance mutum mai ban haushi, wannan kam gaskiya ce, kuma tun yana ƙarami. Yana da shekara tara ya sace ma'aunin da mahaifiyarmu ke auna garin burodi, don ya auna harsasan da ya tono daga suri bayan Baba ya gama gwada bindiga. Ni aka doka, don ni ce mai kula da shi. Har ya mutu bai ba ni haƙuri ba.

Ya kasance mai ɗura wa gundumar nan harsashi. Wanene a cikinmu bai taɓa shiga ɗakin nan na bayan gareji ba, mai warin mai da tagulla? Ka shiga da gaggawa ka ce, "Kawu Wynand, ba ni ashirin," sai ya sauke tabarau ya dube ka kamar ka zagi uwarsa. "Ashirin na me? Me za ka harba? Daga ina? Da wace bindiga?" In barewa ce, ya ba ka mai laushin baki, wanda zai buɗe da wuri, kada ya ratsa ta kamar allura ta tafi ta mutu a ƙaya bayan kwana biyu. In gwanki ne, ya ƙara nauyi. In ɓauna ce, sai ka zauna, don yau ba za ka ci abincin rana ba. Na farko a bakin bindiga, in ji shi, ya zama wanda dalmarsa ta manne da ɓawonsa, ya buɗe kamar laima amma ya ƙi rabuwa. Na bayansa kuwa dunƙulallu, marasa buɗewa, masu fasa ƙashi su wuce. Ni da ban taɓa harbin komai ba sai macijin kaji, na haddace wannan karatu fiye da addu'ar cin abinci.

Ya kasance ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali. Kowane sabon harsashi sai ya jiƙa tsofaffin jaridu ya tara su, ya jingina ƙashin ƙafar saniya a gaba, ya harba, ya tono, ya auna. Elsabe, ke kika sha warin jaridun nan a bayan kicin ɗinki duk bazara, Allah ya saka miki. Kwalaben da kike zuba zuma kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka ƙaura zuwa ɗakinsa. Kowace dabba aka harba da abin da ya ɗura, sai an kawo masa harsashin da aka ciro, ya wanke, ya ɗora a ma'auni, ya jefa a kwalba. Kwalba sittin da huɗu. Na ƙirga jiya.

Ya kasance namu duka. Yaranmu a wurinsa suka koyi riƙe bindiga ba tare da sun auna ɗan'uwa da bakinta ba. Gidan tsofaffi na coci bai taɓa yin hunturu babu busasshen nama daga gonarsa ba. Kuma shi ya riƙe mana dokar da kakanninmu suka bari, wadda kowane maharbi a ɗakin nan ya sani: in ka zubar da jinin dabba ba ta faɗi ba, ka faɗa wa mai gona a ranar, ka bi ta har ka gama da ita. Ba a ɓoyewa. Ba don tausayin dabbar kaɗai ba, don wanda zai bi ta wurin gobe bai san komai ba. Ranar bikin cikata shekara saba'in Wynand bai zo ba, yana daji yana bin gadun da wani baƙo ya harba a cinya. Da ya zo washegari na ce, "Ashe gadu ya fi yayarka?" Ya ce, "Yaya, ke ba a harbe ki ba."

Bara, wajen gasa nama na ƙungiya, wasunku na nan lokacin da Bertus ya fito da sabuwar bindigarsa siririya, da harsasanta na gasar harbin takarda.

Ya ce, "Kawu Wynand, duniya ta ci gaba. Da wannan ina zuba biyar a rami ɗaya daga taku ɗari biyar."

Wynand ya juya guda a tafin hannu ya ce, "Takardar tana da kafaɗa?"

"Kai dai ka tsaya a zamanin keken shanu."

"Keken shanun ne ya kawo kakanka nan, yaro. Ɓawon wannan kamar na albasa yake. Harbi gwangwani da shi, ci kofi da shi, amma kada ka nuna wa abin da ke da ƙashi."

Aka yi dariya, aka koma kan nama. Ni ma na yi dariya.

Yanzu ranar Laraba. Da hantsi Wynand da Lesiba suka tafi duba famfon kwamin ruwa na can ƙarshen gona. Ba farauta suka je ba, amma Wynand ba ya shiga wajen ɓauna hannu wofi. Bijimin ya fito daga cikin ƙaya, bai fi taku goma sha biyar ba, babu gurnani, babu komai. Wynand ya samu harbi biyu. Ƙahon ya same shi. Bijimin ya ƙara taku talatin ya faɗi matacce. Lesiba ya ɗora ƙanena a mota, ba su kai ƙofar gona ba ya cika.

Washegari da safe Lesiba ya same ni a kicin, hula a hannu.

Ya ce, "Kaka, bijimin nan yana wari."

Na ce, "Gawa ce, Lesiba. Turare kake so ta yi?"

Ya ce, "Tun yana tsaye yake wari. Na ji shi kafin in gan shi."

Na ajiye kofi, na ɗauki ma'aunin Wynand, na ce ya kai ni rumfar fiɗa. Ya ce wurin ba na tsofaffi ba ne. Na ce masa na fiɗe tumaki tun uwarsa ba ta iya ɗaura zane ba.

Harsasan Wynand muka fara nema, muka kuma same su duka biyu. Na farko ya shiga ta ƙirji, ya buɗe yadda aka ce ya buɗe, ya yaga saman zuciya. A awonsu na masu ɗura harsashi ya fita da nauyin ɗari uku. Na ɗora shi a ma'auni da hannuna, ɗari biyu da casa'in da ɗaya, wato bai watse ba. Na biyu, dunƙulallen, ya ratsa bijimin daga gaba har baya, muka same shi ƙarƙashin fatar ƙugu, ko lanƙwasa bai yi ba. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu, mai rawar hannun da kuke faɗa, shi ya yi wannan cikin ƙiftawar ido biyu. Duk wanda ya san ɓauna ya san tana iya gudu da hudajjiyar zuciya har ta kai inda ta nufa. Ba a ƙera harsashin da zai hana wannan daga taku goma sha biyar ba.

Sannan Lesiba ya juya kafaɗar hagu. Ku da ke riƙe da faranti, ku ajiye. Miki ne faɗin kwanon miya, bai kai zurfin ɗan yatsa ba. Ruwan ɗiwa kore yana tsiyaya, tsutsa fal ciki tana motsi kamar shinkafa a tukunya. Ƙashin kafaɗar yana nan lafiya, an dai ɗan goge shi. Wani abu ya zo ya daki ƙashin ya watse a kansa. Lesiba ya ce mikin ya yi kwana huɗu. Kwana huɗu dabbar nan tana kwance a ƙaya kusa da ruwa, ƙuda na cinta da rai, tana jiran mutum na farko da zai zo. Ban yi amai don tsutsar ba. Na yi amai da na tuna cewa akwai wanda ya sani, ya koma gidansa ya ci abinci, ya je coci ranar Lahadi, ya gaisa da Wynand hannu da hannu.

Muka tsince ɓarɓashin da ke cikin mikin, na ƙulle a hankici. Na ce wa Lesiba mu yi shiru, mu ba mai abin dama ya zo ya faɗa da bakinsa, ko a wurin Elsabe kaɗai. Kwana takwas na jira. Bai zo ba. Abin da ya zo shi ne akwatuna a baranda, da maganar harsashin kanti.

Elsabe, ɗaga kanki. Kwana tara kina tafiya kamar ke kika yi laifi. Mijinki bai yi kuskure ko na ƙwayar albarushi ɗaya ba.

Tiaan, na ji ka sa kwaɗo a ɗakin ubanka, kana neman wanda zai kwashe kayan don kunya. Ka ba ni mamaki, ɗana. Mutanen gidan mai ka yarda da su, ba ka je ka duba bijimin ba? Cire kwaɗon nan yau. Ronel, ke ce kika zauna kusa da shi kika koyi awo, ke za ki riƙe mabuɗin. Harsasan nan biyu suna jakata, ki sa su a kwalba ta sittin da biyar.

Ku masu akwatuna goma sha ɗaya, suna nan inda kuka yar da su. Wanda yake son nasa ya zo da rana, ta ƙofar gaba, ya gaida Elsabe yana kallon idonta.

Mun gode wa matan coci da suka tsaya a kan wuta tun safe. Mun gode wa maƙwabtan da suka kula da shanu a makon nan ba a roƙe su ba. Lesiba, kai kam ban san yadda ake gode wa wanda ya riƙe kan ƙanena a cinyarsa ba. Ubangiji ya karɓi Wynand, ya yafe masa taurin kai, ya ba shi haƙuri in ya tarar babu ma'auni a can. Ya ƙarfafa Elsabe da 'ya'yanta. Ya ba mu, mu mutanen dajin nan, ƙarfin faɗin abin da muka yi tun ranar da muka yi shi. Amin.

Saura kacici-kacici. Harsashin gasar harbin takarda ne, mai jan bakin roba. Ga bakin, ga ɓawon, a cikin hankicin nan. Ranar Asabar, kwana huɗu kafin mutuwar Wynand, mutum ɗaya ne ya shiga gonar da bindiga, ya ce barewa ya zo nema, ya fito da yamma ya ce bai ga komai ba. Bertus Jooste ne.