Gishirin da Ramatu ta narkar

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ce Hajiya Balki daga New Bell, Duwala.

'Yata Ramatu tana jami'a, an ba su waƙoƙin zamani na mabiya addinin Buda su nazarta da Faransanci. Ran nan ina miya, ta ɗebi gishiri ta zuba a kofin ruwa, ta ce, "Mama, nuna mini gishirin." Na ce ai ya narke. Ta ce haka mawaƙin yake so ya narke cikin dukkan halitta, har a neme shi a rasa. Gabana ya faɗi.

Na kai maganar wurin yayana a Ndogbong. Dariya ya yi, wai marigayi Babanmu ma haka yake faɗa in zikiri ya ratsa shi. To, Baba dai Allah yake nufi. Ita ban san me take nufi ba.

Tun da ƙawarta ta rasu ta rage magana. Jiya maƙwabcinmu ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, ya gan ta tsaye a gadar kogin Wuri, ta ƙura wa ruwa ido.

Masu sauraro, don Allah ku ba ni shawara. Karatu ne kawai, ko in daina barin ta fita ita kaɗai?