Murhun da Ɗana Ya Ce Ni Na Gadar Masa

Kafin in gai da kowa, ku iyayen da ke layin baya, ku ajiye wayoyinku. Ina ganinku, kuma maganar nan da ku nake.

Shugaban taro, shugabar makaranta, malamai masu haƙuri da 'ya'yanmu, iyaye 'yan'uwana, da ku ɗalibai, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni dama a wannan rana ta wasannin motsa jiki.

Babban ɗana, wanda muke kira Farfesa saboda iya baki, ya cire sunansa daga tseren yau. Yaron da in ya hau benen gidanmu sai ya dafa bango yana haki kamar tsohuwar babbar mota a kan tudu! Da na tambaye shi dalili, sai ya gyara zama.

"Mama, ba laifina ba ne. An koya mana cewa a cikin tsoka akwai wasu ƙananan abubuwa, maitokondiriya, kamar murhu suke, su ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa su ba mu ƙarfi. Na wani ya fi na wani ci. Kuma daga uwa ake gadonsu."

Babansu yana kwance kan doguwar kujera, ya tuntsire da dariya. "To, Hajiya, kin ji! Ni dai an wanke ni."

Washegari na zo na sami malamin kimiyya, ga shi can yana sunkuyar da kai. Abin da ya gaya mini shi zan gaya muku.

Na farko, yaron bai yi ƙarya ba. Murhun yana da gadon da ke zuwa daga uwa kaɗai, kuma mutane sun bambanta: yara biyu sai su yi atisaye iri ɗaya, numfashin ɗaya ya riga na ɗayan yin ƙarfi. Saboda haka, iyaye, kada in ji an zagi wanda ya zo ƙarshe yau.

Na biyu, Farfesa rabin darasin ya kawo gida. Yawancin kayan ginin murhun daga uwa da uba suke zuwa. Maigida, ranka ya daɗe, ina ganinka, ba a wanke ka ba! Kuma murhun nan yana ƙaruwa idan ana motsa jiki, yana raguwa idan ana kwance ana aiken ƙanne su miƙo ruwa.

Na koma gida na ce masa, "Autata da ke tsere wa ajinsu, wace uwa ta haife ta? Ni da nake hawa benen nan da bokitin wanki a ka, ka taɓa ganin na dafa bango?"

Ya ce, "Mama, ke ai kin saba."

Na ce, "Yauwa, ka kawo sauran rabin darasin."

Ga shi can cikin farar riga, ya mayar da sunansa. Ko na ƙarshe ka zo, ɗana, ni zan fi kowa tafi.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya yaranmu, ya mai da kowa gida lami lafiya.

Ga dokar gidana daga yau: duk wanda ya ce "gado ne", gobe da safe zai bi ni, uwar da aka gada, zuwa kasuwa, a ƙafa, kwando a hannunsa. Har da babansu.

Na gode.