Tsamiyar Bakin Dam

A tashar Makoda, motar Kano ta ƙi cika. Alhaji Uwaisu, wanda labari ba ya kwana a cikinsa, ya juya wajen wata dattijuwa mai ƙulli a cinya.

"Inna, taya ni murna. Na gaji da hayaniyar birni, na sayi fili a bakin dam. Daga ɗakina zan riƙa kallon ruwa."

"Allah ya sa albarka. Ta wane gefe?"

"Gindin tudun nan, inda wata ƙatuwar tsamiya take. Ita ce kaɗai matsalata, ta tare mini ruwan. Jibi masu sara za su zo."

"Ikon Allah! Har da tsamiyar aka sayar maka?"

"Ba a cikin filina take ba? Ga takarda, har da sa hannun dagaci!"

"Takardar ta ambaci tsamiya?"

"Haba Inna, wa yake rubuta bishiya a takarda?"

"Mu nan ƙasa daban, itace daban. Gidan da ka saya, ranar rabon gado ƙanen ya ɗauki ƙasa, yayarsa ta ɗauki tsamiya. Bai faɗa maka ba?"

"Ya dai ce akwai wata jarababbiyar tsohuwa mai zuwa kaɗar tsamiya, wai in yi banza da ita."

Dattijuwar ta kwance ƙullinta, ta miƙo masa tsamiya guda uku.

"Ungo, Alhaji, a dama maka kunu. Ni ce jarababbiyar. Inuwar kuwa na bar maka kyauta, tunda mun zama maƙwabta."